Kyamarar da Ba Ta Iya Yin Shiru

Sana'ata ɗaukar hoton mata ce, a cikin gida, inda namiji mai hoto ba ya kaiwa. Shi iyakarsa zaure, ko ƙofar gida wurin ɗaurin aure. Ni kuwa har ƙuryar ɗaki nake shiga, inda ake sa wa amarya lalle, inda ake jere, inda mai jego ke zaune da jaririnta tsofaffi sun kewaye ta. Ba don na fi maza iya hoto ba ne ake kirana daga Gusau zuwa garuruwan Tsafe da Bungudu. A cikinsu akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi guda ɗaya ne, ana ɗaga mini labule. Ranar da aka daina ɗaga mini shi, to sai dai in nemi wata sana'ar.

Kyamarata ta farko ta yayana ce, shi ya bar mini ita lokacin da ya gaji da hoto ya koma tuƙin motar haya. Irin tsofaffin nan ce masu madubi a ciki. In ka danna, wani ɗan madubi ne ke tashi ya ba haske hanya sannan ya faɗo, shi ne wannan ƙarar da kowa ya sani, kas! Baƙa ce, ƙatuwa, ga nauyin tsiya. In na rataye ta tun hantsi, kafin la'asar wuyana ya san ya yi dako, wuyan hannuna na dama kuwa sai da man zafi. Na sha zaginta a raina, ita kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai ranar wani suna a Bungudu. Na danna, madubin ya tashi, bai dawo ba. Mai gyara ya buɗe ta ya leƙa, ya ce mini ta ci zamaninta, in yi haƙuri.

Abin ya zo daidai kaka, an fara kai amfanin gona gida, bukukuwa sun kunno kai ta ko'ina. Na ɗauki adashena na nufi shagon wani Alhaji a Gusau mai sayar da kayan hoto, abokin mahaifinmu ne tun suna samari. Ya jawo kyamarori biyu ya ajiye mini a kan tebur.

Ya ce, "Ɗiyata, ga su nan. Wagga ƙaramar ita ta ta zamani, ba ta da madubi. Waccan ko 'yar'uwar taki ta da tam mutu, tokumbo ta, ko bidiyo ba ta yi."

Na ɗauki ƙaramar. Wallahi hannuna har sai da ya yi sama, don ya saba da nauyi ya tarar babu. Alhaji ya ce in saita shi in danna. Na danna, na tsaya ina jira.

Na ce, "Baba, ba ta ɗauka ba."

Ya yi dariya har hularsa ta goce, ya juya mini bayanta. Sai ga shi a ɗan allon, gashin gemunsa ɗaya bayan ɗaya, alhali shagon ba wuta, duhu ne dulum. Ya nuna mini yadda take bin idon mutum da kanta ko ya motsa, da yadda take tura hoto cikin waya ba sai an zare kati ba. Ya ce ana iya sa mata ƙara, ana iya kashewa, shi ya kashe mini don aiki ya fi tsabta.

"Ko kusa ga liman kinka ɗauka, ba mai waiwaye," in ji shi.

Ba zan ɓoye ba, na kamu da sonta a take. Shekara da shekaru ina fama da abu ɗaya: mata na cikin hira da dariya, da sun ji kas sai kowa ta tsuke baki ta miƙe wuya, kamar masu hoton katin zaɓe. Ga kuma ɗakunan ƙauye masu ƙaramar taga, da sai na haska musu fitila a ido kafin in samu fuska. Yanzu ga maganin duka a tafin hannuna. Alhaji ya ce in tafi da ita bikin da ke gabana in gwada, in ta yi mini sai mu yi ciniki.

Bikin a 'Yandoto ne, ranar sa lalle. Mai jan ragamar komai gwaggon amarya ce, wata doguwar tsohuwa siririya, goro ba ya barin bakinta, kowa Gwaggo yake ce mata har sa'o'inta. Na san ta, na yi musu aiki ba sau ɗaya ba. Dokarta sananniya ce: a bakin ɗakin amarya akwai wani babban kwano kusa da takalma, duk mai shiga sai ta jefa wayarta a ciki. Tun da aka ce hoton wata amarya ba mayafi ya yi yawo a wayoyin samari a wani gari, tsofaffi suka ɗaura yaƙi da waya. Ni kaɗai ake bari in wuce da abin ɗaukar hoto a hannu.

Na samu lungu na zauna, na shiga aiki. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Na kama mai ƙunshi ta sunkuya harshenta a tsakanin haƙora, na kama ƙawayen amarya suna tsokanarta tana rufe fuska da gwiwar hannu don kada lalle ya ɓaci, na kama Gwaggo kanta ta ƙyalƙyale da dariya, abin da ban taɓa samu ba. Ɗakin ya yi zafi, wasu suka zame mayafi zuwa kafaɗa, wata ta zauna shayar da ɗanta. Irin wannan wurin ba na saita kowa, sauke kyamara nake yi sai an kimtsa, kuma haka na yi ranar, kamar kullum.

Can sai Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke mai hoto, tun ɗazu kina ɗaga abin ga kina saukewa. Yaushe za ki hwara aiki?"

Na ce, da alfaharina, "Gwaggo, ai na yi nisa." Na juya mata allon.

Wadda mayafinta ke kafaɗa ta ja shi ta rufe kai har goshi. Mai shayarwa ta juya ta fuskanci bango. Gwaggo ta miƙo hannu, na matsa kusa da ita, muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko, tana tauna goronta a hankali. Babu ko guda da za a ce ga aibinsa.

Ta ce, "Sun yi kyau, ba mu ce ba su yi ba. Amma wagga aba taki bebiya ta?"

Na ce, "Tana da murya, Gwaggo, kashe ta anka yi. Bari in kunna ki ji." Na lalubo wurin na kunna, na danna. Ta yi wata 'yar ƙara siririya.

"To wa ka kunnawa, wa ka kashewa?"

"Ni."

Ta ce, "To." Ta tofar da tukar goro a gefe. "Tahi tsakar gida ki sha iska. In an shirya a kira ki."

Haka na ƙarasa yinin a gindin bishiyar darbejiya, cikin yara da awaki. Sai an yi kwalliya an jeru a kira ni, in ɗauka, a sake labule.

A mota zan koma Gusau, raina in ya yi dubu ya ɓaci. Ni za a fitar? Ni da na shiga ɗakunan nan tun wasu amaren suna goye, ba a taɓa ganin hoton kowa ya fita ta hannuna ba? Na ce a raina ƙauyanci ne kawai da tsoron abin da ba a sani ba, har na tsara maganganun da ya kamata in mayar wa tsohuwar, masu zafi, waɗanda ba su zo mini ba sai da muka bar 'Yandoto a baya. Amma kafin mu shiga gari fushin ya sauka, wani abin da ya fi shi ciwo ya hau. Duk shekarun nan na ɗauka ni aka yarda da ita. Ashe ni da ƙarar ne tare. Mace na iya zama gabana kanta a buɗe don kunnenta na yi mata gadi, in ba ta ji kas ba ta san ba a ɗauki komai ba. Ba sai ta dogara da halina ba, ba kuma sai ta sa mini ido ba. Na ji zafin gane wannan, har yau in na tuna ina jin saura.

Ba a yi nisa ba waya ta shigo daga Nahuce. Wata Hajiya ce da ta riga ta kama ni don bikin 'yarta, kuma ƙanwar Gwaggo ce, aure ya kai ta can. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta sauka.

"Dama cewa za ni yi, hotunan tsakar gida ɗai muka so. Na ɗaki a bar su, kin san sha'anin tsohwahhi."

Na ce ba komai, Allah ya kai mu. Na ajiye wayar. Na san yadda zance ke tafiya tsakanin mata, daga wannan suna zuwa waccan ta'aziyya. Kafin kaka ta fita, daga 'Yandoto har Karakkai za a ce mai hoton nan ta Gusau ta samo wadda ke ɗauka a ɓoye. Maigidana ya ce in ƙyale ƙauye mana, in sayi sabuwar in riƙa zuwa taron ofisoshi da yaye ɗalibai a cikin gari, ga sauƙi ga kusa. Na ce masa can maza sun cika wurin, kowa da kayansa da suka fi nawa, in je in zama 'yar rakiya? Wurina ɗaya ne, kuma ba zan bar shi don wata 'yar na'ura ba.

Da safe na koma shagon Alhaji, na ajiye masa ƙaramar. Na nuna ƙatuwar na ce, "Baba, wagga ana iya kashe mata murya?"

Ya ce, "Ina! Madubin dole shi tashi shi hwaɗi. Ko wa ad da ita sai ta yi ƙara."

"Tana tura hoto cikin waya?"

"Ba ta san wannan ba."

"Bidiyo, ka ce ba ta yi?"

"Ba ta yi. Ai shi na nike gaya miki, ta tsuhwa."

Na ce, "Ita nike so."

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce zan koma daka da turmi ga inji a ƙofar gida. Ya shiga jero mini: masu ƙera su sun juya musu baya, in wani abu ya lalace sai an yi sa'a a samu kayan gyara, a duhu sai da fitila, ga nauyi, kuma ya ga yadda nake murza wuyan hannuna ba ya so ya yi magana ne kawai. Ya ce in don ƙara ce ai sabuwar ma tana yi, in bar ta a kunne mana. Na ce masa ƙarar da ke hannuna ba ta da amfani a ɗakin da zan shiga, wadda ta fi ƙarfina ake so. Ya girgiza kai ya ce sabo turken wawa. Na ce na ji, a ɗaure ni a nan ɗin.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa maganar ta yi mini ciwo. Yana naɗe tsohuwar a leda, na sake ɗaukar ƙaramar na juya ta a hannuna. Na san irin hotunan da na ɗauka a 'Yandoto ba zan ƙara samun kamarsu ba. Na ajiye ta da sauri, na fita ban waiwaya ba, don in na tsaya zan iya canja magana.

Sayen kyamara dai bai isa ba, sai an san na saya. Na wanke hotunan bikin, na sa su a jaka, na hau mota zuwa 'Yandoto ba tare da kowa ya kira ni ba. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Na miƙa mata hotunan. Ta goge hannu a zane ta bi su, har ta iso kan nata da take dariya. Ta daɗe a kansa.

Ta ce, "Ashe haka nike in ina dariya." Ta ɗaga gefen tabarma ta tura shi ƙasa, daban da sauran.

Sai na zaro kyamarar na ɗora mata a cinya. Na ce, "Gwaggo, na mai da waccan. Ga wadda nis saya. Kashe mata murya in gani."

Ta harare ni, don ta gane ƙure ne. Ta juya ta gaba da baya, ta latsa duk abin da ke latsuwa, ta murɗa duk abin da ke murɗuwa, ni ina kallo ina fargabar kada ta ɓata mini saiti, amma na ƙyale ta. Ta sa na nuna mata inda ake dannawa. Ta danna, kas! Kajin da ke tsintar ɓawon gyaɗa suka watse. Ta aika aka ɗauko bargo, ta naɗe ta a ciki ta danna, ƙarar ta fito. Sai ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule, ta ɗaga murya daga ciki ta ce in danna. Na danna.

Ta fito ta zauna, ta ja ƙwaryar gyaɗarta. Na jira ta ce wani abu, ko da an gode ne.

Ta ce, "Tana da nauyi."

Na ce, "Tana da shi."

"Haka nan za ki yini da ita ga wuya?"

"Haka nan."

Ta zuba mini gyaɗa a leda, ta ce in gaida mutanen gida. Iyakar abin da na samu ke nan. Na fito ina cewa a raina wannan tsohuwa ko dutse ya fi ta taushi, na ɓata kuɗin mota, na bar kyamarar da raina ke so, an sallame ni da gyaɗa. Amma na riga na ƙudurta, bikin Nahuce zan je, ko a bakin rariya za a tsayar da ni.

Ranar bikin na isa da hantsi. Hajiya ta tarbe ni da fara'a, ta nuna mini tsakar gida, ni ma ban nemi wuce nan ba. Ɗakin amarya na can gefe, labule a sake, takalma sun taru a bakinsa, ga kwanon wayoyi, alamar Gwaggo ta zo. Na tsaya cikin rana tsakanin tukwane na kama aiki. Na ɗauki masu tuƙa tuwo, na ɗauki masu kirɓa fura, na ɗauki yara, har tulin itace na ɗauka wanda ba mai biyan hotonsa. Ina yi ina matsawa kusa da labulen nan, don duk wadda ke ciki ta ji: kas, kas. In taurin kai ne, ai ba tsofaffi kaɗai aka raba wa ba.

Aka yi azahar, rana ta take, gumi ya jiƙa mini hijabi, igiyar kyamara ta ci mini wuya. Har na fara tunanin ko Alhaji da maigidana sun fi ni gaskiya. Sai labule ya motsa, kan Gwaggo ya leƙo.

"Ke mai hoto, so kike rana ta kashe ki a ce mu na? Shigo."

Na tuɓe takalmi, na jefa wayata a kwano kamar kowa, na shiga. Ɗakin duhu, sai da na kunna fitilar kyamara. Aka jeru, aka gyara mayafai, kowa ta tsuke baki ta miƙe wuya. Na ɗauki amarya da iyayenta mata, na ɗauke ta da ƙawaye, hotuna irin waɗanda na saba, ba wani abin a zo a gani. Da na gama sai na sauke kyamarar a ƙirjina, na tsaya jiran a ce in fita. Ba wadda ta ce. Na lallaɓa na zauna a bakin gado.

Hira ta dawo a hankali. Wata ta zame mayafi tana fifita da murfin kwano. Suka koma kan amarya da irin tsokanar da ba a yi gaban baƙo, har ni sai da na sunkuyar da kai. A kusa da taga akwai kakar amarya, tsohuwa tukuf, wadda tun shigata ba ta yi magana ba. Ta ce kitsonta ya kwance yana damunta, wata jikarta ta matso za ta gyara mata. Tsohuwar ta cire mayafi, ta kwance ɗankwali, sai ga gashi fari fat. Ta kwantar da kanta a cinyar yarinyar, hasken 'yar tagar ya sauka a kansu su biyu. Tun da nake hoto ban taɓa ganin abin ɗauka kamar wannan ba. Yatsana ya je kan maɓallin da kansa, na janye shi na dunƙule hannu.

Ba wadda ta dube ni. Ko Gwaggo ta ba ni baya tana rabon goro. Tsohuwar ta laluba gefenta tana neman inda za ta ajiye ɗankwalin, ba wuri, sai ta miƙo mini shi ko fuskata ba ta kalla ba.

"Ɗiyar ga, riƙe min."

Na karɓa da hannu biyu, na riƙe har aka gama kitson.